Jakin da Aka Bari a Gindin Tsamiya

Duk ranar da masana suka zauna rubuta tarihin ilimi a ƙasar Kano, in har suka tsallake wani jaki da aka ɗaure a gindin tsamiya, to aikinsu bai kammala ba, ko da mujalladan sun taɓo rufin ɗaki. Na san mai karatu zai ce na cika baki. Ni ma da wani ne ya faɗa, abin da zan ce ke nan. Amma makon jiya ina zaune a ofis ina duba rubuce-rubucen ɗalibaina, wani jaki ya ɓarke da kuka a bayan katanga, irin kukan nan mai kama da ana jan tsohon ƙyauren ƙarfe, sai kawai na tsinci kaina a tsaye, biro a hannu, ban san inda na nufa ba. Haka nake tun ina yaro. In abu ya dame ni, ƙafafuna ne ke fara samun labari.

A wani ƙauye ta wajen Ruwan Bago aka haife ni, tun Rogo tana ƙarƙashin Karaye. Gidanmu gidan noma ne: dawa, masara, da gyaɗa, wadda ita ce ke yi mana sutura. Da na gama firamare, mahaifina ya ga ya samu ƙarin hannu a gona, ni kuma na ga na samu gurbi a ƙaramar sakandare a Karaye. Kowa da abin da ya gani. Maganar ta je gaban kakana, mahaifin Baba, wanda ke zaune a Karaye yana karantar da littattafai a zaurensa. Kowa Malam yake ce masa, har kakata da suka tsufa tare, don haka ni ma a nan Malam zan ce. Hukuncinsa gajere ne. In zo in zauna a gabansa zango ɗaya, ya ga abin da boko zai yi da ni. In ya ga alamar ɓaci, in koma gona, ba sai an sake wani zama ba.

Saboda haka na shiga sakandare kamar wanda aka ba aron riga ranar salla: ina sanye da ita, kunnena kuma yana ƙofa, ina jiran sallamar mai ita.

Zauren nan har yau ina iya jin ƙanshinsa: buzu, tawada, tsohuwar takarda, da damshin bango in damina ta yi nisa. Bayan la'asar magidanta ke zuwa ɗaukar karatu, kowa da littafinsa a gafaka. Mutum zai ja baƙi, Malam ya ba shi fassara, shi kuma ya ce "na'am". Ya sake ja, a sake ba shi, ya sake cewa "na'am". Ban taɓa jin wani ya ce "a ganina" a zauren nan ba. Kalmar da Malam ya fi ƙi a duniya kuwa ita ce ra'ayi. Lokacin ne wa'azin kaset ya fara cika kasuwa, samari suna fassara da zafi. In aka kunna masa yakan saurara kaɗan, ya ce, "Wannan da ra'ayi yake karatu," ya kau da kai. A bakinsa, a ce mutum mai ra'ayi ne bai da nisa da a ce ɓarawo ne. Bambancin kawai, ɓarawo ragewa yake a kayan da ba nasa ba, mai ra'ayi kuwa ƙarawa yake.

A makaranta kuma Allah ya haɗa mu da sabon malamin Hausa, saurayi da ya fito daga kwaleji da zafinsa, wando da shat, da keke mai ƙararrawa. Don kada ya rikice muku da kakana, zan kira shi da sunan da kakana ya raɗa masa: Ticha. Littafin labaran da aka ɗora mana guda ɗaya ne tak a ajin, shi ma gara ta yi hutun ƙarshen shekara a cikinsa. Ticha ne ke karantawa da ƙarfi muna saurare, in ruwa ya sauko a kan kwano ya ƙara murya har jijiyar wuyansa ta fito. In ya iso wurin da takarda ta cinye sai ya ce, "Nan gara ta riga mu," ya buɗe gaba, mu yi dariya.

Ranar da ya gama labari na farko ya rufe littafin, ya ce, "Kowa ya je ya rubuto mini abin da ya ji. Rabin shafi ya isa. Ba jarrabawa ba ce, ba zan bi ku da jan biro ba. Ku rubuta kamar kuna hira da aboki a bakin rijiya."

Ya kamata in tsaya a nan in kare ajinmu, don an daɗe ana yi mana dariya. Kalmar nan "ji" ta fi kowace kalmar Hausa shan aiki. Da ita ake jin magana, da ita ake jin wari, da ita ake jin gishiri a miya, da ita ake jin zazzaɓi da Larabci da kunya. A gidajenmu kuma in aka ce yaro yana ji, ana nufin ba ya musu. Mu kuwa dukkanmu mun riƙe allo kafin mu ga alli. Abin da muka sani shi ne malami ya faɗa, ka ji, ka mayar masa yadda ya ba ka, ba ragi ba ƙari. To wannan muka yi. Aji guda ya maido wa Ticha labarinsa. Ni nawa saura kaɗan in sa har tarin da ya yi a tsakiya. Na zarce rabin shafin da nisa, na miƙa, na zauna jiran yabo. Abin da ya rubuta a ƙasa shi ne: "Wannan na marubucin ne, na kuma gode da ka adana masa. Ina naka?"

Mako na gaba na yi tunani mai zurfi, na gano inda na kuskure. Ai cewa ya yi abin da na ji, ba abin da ya karanta ba. Sai na rubuta masa gaskiya tsakanina da Allah: na ji injin niƙa na bayan makaranta, na ji akuyar maigadi, na ji cikin wanda ke kusa da ni yana ƙugi. Ticha ya karanta wannan a gaban aji, ya yi dariya har sai da ya dafa bango. Da ya natsu ya ce, "Ba jin kunne ba. Me labarin ya yi maka a ciki? Haushi ya ba ka, ko tausayi? Ka yarda ko ba ka yarda ba? Ra'ayinka nake so."

Ya faɗi kalmar kamar yana cewa a miƙo masa alli. Ni kuwa sai da na waiga taga, ko wani mai wucewa ya ji.

Daga ranar zama ya gagare ni. Damuwata biyu ce, kowace tana cin 'yar'uwarta. Ta farko, na laluba cikina kaf ban samu ra'ayi ba, ban ma san a wane ɓangare ake ajiye shi ba. Ta biyu, in na samu, labari kuma ya kai zaure, to fartanyata tana nan rataye a Ruwan Bago, ko tsatsa ba ta fara ba. In ban rubuta ba, Ticha ya ce ban ji ba. In na rubuta, Malam ya ce ba na ji.

Ana cikin haka, ruwa ya fara ja da baya, dawa ta fara sunkuyar da kai, aka karanta mana labari na uku. Wani yaro ne a ƙauye ya ƙudurta zuwa birni neman ilimi. Da sassafe ya hau jakin gidansu har tasha, ya ɗaure shi a gindin tsamiya, ya hau babbar mota. Ya sha wuya a birni, ya kwana a rumfar kasuwa, ya yi dako, ya yi karatu. A hanya gara ta riga mu nan da can, kamar kullum, ba wanda ya damu. A ƙarshe yaro ya zama babban mutum, ya dawo garinsu a mota ana ta guɗa. Darasin labarin, kamar yadda aka buga a ƙasa da manyan baƙaƙe, shi ne haƙuri. 'Yan aji suka yi ajiyar zuciya, kowa ya hango kansa a kujerar baya.

Ni ban ko shiga motar ba. Ina tasha, wajen jaki.

Wa ya kwance shi? A gida ni ne mai jaki, ni ke kai shi rafi, ni ke zuba masa harawa. Na san abin da jaki ke yi in an ɗaure shi rana ta juya, inuwa ta gudu ta bar shi: zagaya itacen zai yi ta yi yana bin ta, igiya tana naɗewa, har ta kai ba shi da sauran taku, hancinsa a jikin ɓawo. Na yi ƙoƙarin tuna ko Ticha ya sake ambatonsa, na bi labarin daga kai zuwa gindi da haddar nan tawa, babu. In an tashi daga makaranta sai in ga ƙafafuna sun kai ni tashar Karaye, in tsaya ina duban jakunan masu kawo hatsi, ina lura da wanda aka ɗaure gajere. In na dawo gida in zauna, in tashi, in leƙa zaure, in koma soro. Kuma tun da na baro ƙauye ban taɓa tambayar wanda ke shayar da namu ba. Wannan ban sa shi a lissafi ba a lokacin, amma ina jin cikina ya sa.

Da abin ya ishe ni, wata safiya kafin a buga ƙararrawa na zauna a kan dakalin aji na rubuta, don kawai in samu in zauna wuri ɗaya. Ban miƙa ba. Na dawo da shi gida a jaka kamar mai ɗauke da garwashi.

Kakata ce ta fara lura. Ta dubi kwanon tuwona da rana, ta dube ni.

"Maigidana, tuwon nan laifin me ya yi maka? Ko ka yi budurwa a boko ka fara raina girkina?"

Na ce, "Ba haka ba ne, Iya. Ticha ne ya ce mu rubuta ra'ayinmu."

Ita ba ta zama a zaure, ba ta san nauyin kalmar ba. Ta ɗauka wani mataki ne na karatu, kamar a ce yaro ya kai izu kaza. Da ta kai wa Malam fura sai ta haɗa masa da albishir, wai jikansa har ya kai ra'ayi.

Ranar kuma ta dace da kasuwa, Baba ya shigo gari a kan kekensa. Ko ba wannan magana dama da tasa ya zo: gyaɗa ta isa cira, ƙasa ta fara tauri, hannu ya yi kaɗan. Bayan la'asar Malam ya sallami masu ɗaukar karatu da wuri, abin da ba ya yi sai an yi rasuwa, ya sa aka kira ni. Na durƙusa daga bakin buzu. Baba yana gefe, hularsa a gwiwa.

Malam ya ce, "Aboki, an ce ka fara ra'ayi."

"Ticha ne ya sa mu, Malam."

"Shi ya sa, kai ka yi. Ɗauko."

Na ɗauko, na buɗe. Sai ya ɗaga yatsa.

"Tsaya. Ba a jin sharhi kafin a ji matani. Shi littafin me ya ce?"

A nan haddar da Ticha ya raina ta yi rana. Na kawo labarin tiryan-tiryan, daga hawan jaki har guɗar ƙarshe, har darasin da manyan baƙaƙensa. Baba yana ta duban ƙofa, yana auna rana da tafiyar da ke gabansa. Malam ya rufe ido yana jan carbi. Da na kai aya sai ya tambaya, idonsa a rufe.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Malam."

"Ya dawo a mota."

"A mota."

Ya buɗe ido. "To, jakin fa?"

Ban san lokacin da na zauna daɓas a ƙasa ba. Ya ce in karanto nawa, na karanta, kuma har yau ina iya kawo shi:

"Ni wannan labari bai yi mini daɗi ba. Yaron ya ɗaure jaki ya tafi, har aka gama ba a sake maganarsa ba. In rana ta juya inuwa za ta bar shi. Zai yi ta zagaya tsamiya har igiya ta ƙare. Da ya dawo a mota ma bai tambaya ba. Mai littafin ya ce yaron yana da haƙuri, amma ni a ganina jakin ne ya yi haƙurin. Ban sani ba ko haka ake zama babban mutum."

Wajen "a ganina" na haɗiye murya, amma kunnen Malam bai tsufa ba.

Baba ya gyara zama. "Allah gafarta Malam, ai ƙagaggen labari ne na 'yan boko. Babu jakin, babu tsamiyar. Gyaɗa kuwa tana nan, ƙasa tana bushewa."

Malam ya ce, "Wanda ya ƙagi jaki ya ɗaure shi, kwancewa ma a wuyansa take. Dabba tana da haƙƙi ko a takarda." Ya miƙo hannu ya karɓi littafin rubutuna, ya dube shi, ko da yake baƙin boko ba ya gaya masa komai. "Wannan ba ra'ayi ba ne. Ra'ayi shi ne ka zo da naka ka ɗora a kan na mai littafi. Wannan sawu ya bi, har ya iso inda mai littafi ya yar da abu, ya tsaya ya ce ga shi. Mu ishkali muke ce masa. Tichan ne ya ba abin sunan banza." Ya maido mini. "Sai dai 'a ganina' ɗin nan, goge shi. Ba ganinka ba ne, duk mai ido ya gani."

Baba ya ce, "To yaron fa, Malam?"

"Ya je ya taya ku cira ranakun da babu makaranta. Amma ishkali ba a tashi a bar shi a buɗe. Zai zauna har Ticha ya kawo amsa."

Baba ya ce "to", irin "to" ɗin da ke daidai da "na'am" na masu ɗaukar karatu. Na raka shi ƙofar gida na riƙe masa keke yana ɗaure kayan cefane. Bai yi faɗa ba. Sai da ya ɗora ƙafa a feda ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ƙanenka ne ke shayar da namu, in shi kake tambaya."

Washegari na miƙa wa Ticha rubutun, da gurbin gogewa a tsakiyarsa. Ya rubuta a ƙasa: "Yauwa. Yanzu ka ji." Na kuma isar masa da saƙon Malam, cewa ana jiran amsarsa kan makomar jakin. Ya ɗauka wasa ne, sai da ya ga fuskata. Ranar Juma'a ya zo gaisuwa, ya jingine keke, ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa da wandon nan nasa da ba a ɗinka don durƙuso ba. Ya ce gaskiya shi ma bai san makomar jakin ba, amma zai bincika. Malam ya sa masa albarka, ya ce a bincika a hankali, ba a gaggawa da ilimi.

Haka aka yi ta yi. Duk ƙarshen zango Baba zai zo, Malam zai kira ni a gabansa.

"Aboki, Ticha ya samo jakin?"

"Bai samo ba, Malam."

"To, a ci gaba da nema."

Aka yi wa Ticha canjin wurin aiki, ishkali yana nan. Na gama ƙaramar sakandare, na gama babba, Baba ya daina tambaya, Malam bai daina ba. Ko jakin ne da gaske ya tsaya masa a rai, ko kuwa turke ya samu ya ɗaure ni a makaranta ba tare da ya janye maganarsa ta farko ba, ban sani ba, kuma ba irin tambayar da ake yi wa Malam ba ce. Ina jami'a ya rasu. Fartanyar da ke rataye ƙanena ne ya sauke ta. Shi ke riƙe da gonar har yau, duk kaka yana aiko mini da buhun gyaɗa, muna gaisawa a waya, yana ce mini Yaya cikin ladabi. Ban taɓa ce masa ya rubuto mini abin da ya ji ba.

Yanzu ni ne ke tsayawa a gaban aji, kuma aikin da Ticha ya ba mu shi nake bayarwa: ku karanta, ku rubuto mini abin da kuka ji, rabin shafi, ba jarrabawa ba ce. Ɗalibaina ba sa waiga taga in sun ji kalmar ra'ayi. Suna da shi buhu-buhu, wasu tun kafin su buɗe littafin, a waya suke turo shi kafin in isa ofis. Abin da nake fama da su a kai shi ne wancan tsohon jin da muka zo da shi daga allo, a saurara tukuna har a kai aya. Mu an sha wuya kafin a buɗe mana baki, su ana shan wuya kafin a buɗe musu kunne, ban kuma tabbata wa ya fi wani asara ba. Zauren Malam ya zama shagon cajin waya. Duk sabon aji da labarin jakin nake buɗe musu. Nakan ce karatu na gaskiya shi ne ka lura da abin da marubuci ya ɗaure ya manta. Suna rubutawa, wasu har su ja layi a ƙasa.

Bara ina wucewa ta wajen masu baza tsofaffin littattafai a kan tabarma a birni, na hango irin littafin nan na ajinmu, bangonsa ya koɗe amma gara ba ta taɓa shi ba. Na tsuguna a rana na buɗe labari na uku. A shafin da ke bin hawan mota, wanda babu shi a namu, ƙanen yaron ya biyo sawu da hantsi, ya kwance jakin, ya kai shi gida.